Mangwaro Arba'in a Zauren Baba

Zuwa ga Usman, hasken idona, inuwar lambu da tsakar rana, ruwan randa ga wanda ya dawo daga gona, wanda jin muryarsa kaɗai kan sa in bar tuwo ya ƙone.

Ina gaishe ka da zuciyar da ba ta taɓa gajiya da kai ba. Yaya kunya? An ce tun ranar Asabar ko bakin tasha ba ka leƙa ba.

Ka tuna yammacin nan a lambun Baba, bakin tabki, da na koya maka nukar mangwaro? Na ce in ya ƙosa a tsinko shi da hannu, kada a kaɗo, don wurin da ya bugi ƙasa nan yake fara ruɓewa. A sansana inda aka tsinke shi, a taɓa da tafin hannu, ban da dannawa da yatsa. A zuba ƙaiƙayin gero a tukunya, a jera kada wani ya shafi wani, a rufe, a riƙa juyawa kowace safiya har kwana shida. Kana ta gyaɗa kai, ashe hannuna kake kallo. Wallahi na ji daɗin kallon nan, har yau yana zo mini.

Me Baba ya nema a wurinka? Bai ce sa ba, bai ce moto ba. Ɗanye arba'in ya ba ka daga itacen da ya dasa shekarar da aka haife ni, ya ce ka nuka da hannunka ka kawo, sai a sa mana rana. Kwana shida, masoyina! Ni da na jira ka shekara uku. Ka tafi yawonka garin Ɗan Issa, ka dawo saura kwana biyu, ka cusa su a buhu da karbur, dutsen nan na masu walda, ka ɗaure baki.

Kuma sun yi kyau, rawaya ba tabo, kamar kai. Ka shigo zaure cikin shadda, kawunnanka biyu a bayanka, kana murmushin nan da ke kashe mini jiki. Da aka yanka, ciki fari, tsami har ƙwaƙwalwa, ga warin gareji. Kawunka Tsoho ya tofar a gaban mutane.

Na san Baba kake zargi. Bar tsohon nan, idonsa ya yi rauni, har ya sa maka albarka ya ce a shigar da kwandon mangwaron cikin gida. Ni na karɓa. Na sansana, na sake sansanawa ina roƙon Allah hancina ya yi ƙarya. Ni na mayar da shi zaure da wuƙa a kai, na ce a yanka kafin a shafa fatiha.

Na ware uku na binne a ƙaiƙayi ko za su gyaru. Sun yamutse, sun yi baƙi, awaki ma sun sansana sun wuce.

Don Allah, farin cikin raina, ka fito, ka ci abinci, kada ka rame. Kyan nan shi kaɗai gare ka, ka tattala shi.

Jiya Baba ya ji tausayinka, ya ce a sake ba ka wasu arba'in baɗi. Na yi kuka har idona ya kumbura, sannan na ce masa kada ya ɓata mangwaronsa.

Zan so ka har ƙasa ta rufe idona, ba kuma wanda zai zauna inda ka zauna a raina. Aurenka ne kawai ba zan yi ba.

Mai ƙaunarka har abada,
Ɗelu