Babban Yatsan Kafinta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan kana lafiya, da matarka da yara, da kuma shagon gem ɗinka da ka fi so fiye da mu duka. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba, wanda kai ka jawo shi.

Tunda in ka ga lambata ba ka ɗagawa, saƙo kuma ka buɗe ka yi shiru, na koma takarda da biro. Matarka ta yi mini alkawarin za ta sa maka ita a hannu, don haka kar ka ce ba ta iso ba.

Ka san ranar da injin yankan katako ya ɗauke wa mijina rabin babban yatsansa na dama, don kai ka goya shi a babur zuwa asibiti, rigarka sharkaf da jini. Ban manta ba. Kai da Kafinta aminai ne tun ban san zan aure shi ba. Abin da ba ka sani ba shi ne irin zaman da muka yi a gidan nan bayan an sallame shi. Mutumin da yake tashi da fito ya koma bebe. Maɓallin riga ni nake sa masa. Wurin aikinsa ya ƙi ko leƙawa. Wata rana ya ɗauko hannun gem ɗinsa, abin nan mai maɓallai da kuke riƙewa, ya kunna gem ɗinku na harbi a talabijin, ya ɗora guntun yatsan a kan analok, wannan 'yar sandar da kuke murzawa don saita bindiga. Yatsan ya dinga zamewa. Ya yi ta gwadawa har ya gaji, ya cusa abin ƙarƙashin gado ya juya fuska bango. Yaya, ni da na fi kowa tsanar gem ɗin nan, sai ga ni ina addu'ar Allah ya sa ya sake ɗauka.

Da ya sake ɗauka sai ya gano akwai wata hanyar a cikin gem ɗin kansa, wai saitin motsi. Maimakon yatsa ya murza sanda, sai ka karkata hannun gem ɗin gaba ɗayansa, bindiga ta bi inda hannuwanka suka nuna. Da farko abin dariya ne. Bindiga ta kalli sama, ta kalli ƙasa, ya harbi bango, ya harbi nasa mutumin, yara suna faɗuwa don dariya, shi ma ya taya su. Wannan ce dariyarsa ta farko tun hatsarin. Ya yi watanni yana fama, tsintsiyar hannunsa tana kumbura ina shafa masa man zafi, har hannu ya faɗa. A cikin watannin nan ne ya koma wurin aiki, ya koyi riƙe guduma da sabon riƙo.

To sai ya yi wanka ya sa rigar ƙungiyarku ta gem ya tafi shagonka da murna, zai nuna wa amininsa ya dawo. Ya cinye abokinku Mai Aski, ya cinye sauran, ya cinye ka kai ma da ba a taɓa kayarwa a shagon ba. Kai kuma ka tashi ka kashe talabijin a gaban mutane, ka ce maguɗi ne, ka ce ba a saitin motsi a shagonka, ka cire shi daga waɗanda za su je gasar gari.

Da ya dawo bai ce mini komai ba. A bakin maƙwabta na ji. Ka mayar da shi cikin ƙungiya, Yaya, tun maganar tana tsakaninmu.

Ka gaida yara. Wassalam.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. An ce ƙaramarku ta yi zazzaɓi, Allah ya ƙara sauƙi. Ita ba ruwanta.

Amsarka ta iso ta bakin Inna, tunda ka rasa wanda za ka aika sai tsohuwa mai ciwon ƙafa. Ta ce ka ce mata su daina sa baki a abin da ba su sani ba. Na gode. Shi ya sa na zauna na sa Kafinta ya nuna mini komai, yanzu na sani, sai ka saurara.

Ka ce wai da saitin motsi na'ura ce take yi wa mutum aiki. Ashe abin a juye yake. Ya nuna mini da idona: a gem ɗin nan naku, mai murza analok in ya kai bindiga kusa da abokin gaba, gem ɗin da kansa yake ɗan ja masa ita ta manne a jikin mutumin, don masu yin gem ɗin sun san yatsa ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba. Shi kuwa da ya kunna saitin motsi wannan taimakon ya ɗauke, daga shi sai hannuwansa. To wa ake yi wa aiki a nan? Laifi tudu ne, Yaya, ka taka naka ka hango na wani. Kuma ba waya ya jona ba, ba wani abu ya sayo ya liƙa ba. Abin yana cikin kowane hannun gem da ke rataye a shagonka, kowa na iya kunnawa. Masu shirya gasar ma sun halatta shi, kai ma ka sani.

Inna ta ce ka ce kun yi shekaru kuna horar da yatsa har ya yi kanta, ba zai yiwu wani ya zo rana tsaka ya shafe wahalarku ba. Wannan kam na ji ta, ita kaɗai ce maganarka mai kan gado. Amma ba rana tsaka ba ce, ni na ga kumburin. Kuma shi ma ya yi shekarun nan tare da ku, yatsan da ya horar yana can inda injin ya jefa shi. Me kake so ya yi, ya koma ya tsinto?

Na kuma ji Mai Aski yana kwaikwayonsa a shago, yana kaɗa hannun gem kamar mai tankaɗe, kuna dariya. Ka gaya masa madubin shagonsa Kafinta ne ya yi masa firam.

Yanzu ga babban abin da ya sa nake rubutun nan. Ka aiko masa da cewa ƙofa a buɗe take in zai yi da analok kamar kowa. Ka san shi, in ka ce ya shiga wuta zai tambaye ka ta wace ƙofa. Ya kashe saitin motsi, ya naɗe guntun yatsan da filasta, ya wuni yana dannawa a kan sandar nan. Da na shigo daga kasuwa na tarar tabon ya tsage, jini ya bi ta tsakanin maɓallan, shi kuma yana ɓoye hannu a bayansa kamar yaron da ya fasa kofi. A kemis aka wanke, mai maganin yana yi mini faɗa wai ina ina aka yi haka. Aikin kujerun da ya karɓa ya tsaya.

An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kai ka yar da naka tun bai ruɓe ba. Kar ka sake aiko Inna. In kana da magana ka san gidan.

Wassalam.

Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum, don sallama haƙƙi ce. Ina fatan kun koma gida lafiya da kofinku.

Na san ka gan ni a zauren gasar, layi na biyu kusa da fanka, duk da ka yi kamar ba ka gan ni ba. Ni na matsa wa Kafinta ya karɓi tayin 'yan bayan tasha da suka zo har gida suna roƙonsa ya shiga ƙungiyarsu. Ya yi ta cewa ba zai iya fuskantarka ba. Na ce kai ka iya fuskantarsa ai. Don haka in kana neman wanda za ka zaga kan ya sa rigar wasu, ga ni.

Na ga lokacin da ka je teburin alƙalai kana nuna shi da hannu, kana so a hana shi, suka girgiza maka kai. Na ce a raina shi ke nan, ka gwada ka ga iyakarka, yanzu za a yi wasa. Kuma an yi. Ni da ban san kan abin sosai ba sai da na miƙe tsaye. Kafinta ya zauna gwiwar hannu a cinya, hannuwansa suna ɗan motsi kaɗan-kaɗan kamar mai auna katako, mutanenka suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Samarin da ke bayana suna tambayar juna yaya yake yi. Kai ma ba zan ɓoye ba, ka yi wasa, yatsan nan naka da kake alfahari da shi ya biya ka. Har aka zo zagayen ƙarshe kowa ya mutu, saura kai da shi.

Na ga hannunsa ya gaji, bindigar ta fara rawa. Ka fito masa ta bayan motar nan da ke ƙone, ka riga shi. Ka ci, Yaya, cin halal, ba wanda zai ce komai. Shi ne ma ya fara tafa maka, ya ajiye abinsa ya taso yana murmushi da hannu a miƙe.

Kai kuma ka haye kujera, ka ɗaga babban yatsanka sama ka juya shi kowa ya gani, ka nuna Kafinta, ka ce da ƙarfi da wannan ake harbi.

Ban san ko ka ji yadda zauren ya yi tsit ba, ko ihun da ke cikin kanka ya hana ka. Mai Aski, Mai Aski fa, sunkuyar da kai ya yi ya bar wurin. Kafinta ya tsaya da hannunsa a miƙe, ya dube shi, ya sa a aljihu. Babban ɗanmu yana gefena, ya tambaye ni me kawu yake nufi. Har yanzu ban ba shi amsa ba. Kai za ka ba shi.

Na zo duniya na tarar da kai a gabana, kai ka kai ni makaranta, kai ka rama mini duka. Ban taɓa jin kunyar a ce ni ƙanwarka ce ba sai ranar. Kar yaranka su daina zuwa, gidansu ne. Kai dai ne ba na son gani.

Auta

*

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya da iyali. Mu lafiya. Hannun ya warke, an kai kujerun mutane.

Matarka ta zo jiya da kwali, ta ajiye a tsakar ɗaki tana ta kallon ƙasa. Muka buɗe muka ga kofin gasar, an goge shi yana ƙyalli, ba takarda, ba saƙo. Ta ce ba ka cin abinci sosai. Ta ce shagon ya koma wani iri, samari sun cika shi suna karkata hannun gem suna harbin sama, kai kuma kana zaune a bakin ƙofa ba ka hana ba, ba ka kuma kalla. Ban ji daɗi ba, ban kuma ji tausayi ba, gaskiyar ke nan.

Kafinta ya ɗauki kofin ya juya shi, idonsa ya kawo ruwa, ya ce ai wannan ban haƙuri ne, ya fara duba bangon da zai kafa masa kanta. Na karɓe. Mun yi faɗa a kanka, faɗan gaske, irin wanda ba mu taɓa yi ba. Ya ce na cika riƙo. Na ce e, gado na yi, ɗakinmu ɗaya da mai shi.

Ga kofinka nan na dawo maka da shi. Kai ka ci, naka ne, ba mu ce ka ba mu ba. A gaban jama'a ka hau kujera ka buɗe baki, ba za ka aiko ƙarfe a kwali ya yi maka magana ba. Kofi ba shi da baki, kai kana da shi. Wurin aikinsa yana nan inda ka sani, yana buɗewa da safe, kuma akwai mutane a wurin, haka nake so. In ka je ka faɗa, ka biyo ta gida, zan dafa maka abin da kake so, ba zan sake tayar da maganar ba. In ba ka je ba, wannan ce takarda ta ƙarshe, birona ma ya kusa ƙarewa.

Ka gaida yara, ka ci abinci.

Ƙanwarka duk da haka,
Auta

Af, yana tsaye a kaina, ya ce lallai in rubuta maka cewa fitowar da ka yi ta bayan motar nan ta yi kyau, bai taɓa zaton ta nan za ka biyo ba. Na rubuta ne don ya sa ni, ba don na yarda ba.