Dutsen da Ke Cikin Bokiti a Bayan Gidanmu

Daga: Mwanamkasi Sudi, matar Mzee Kibwana Mwarandani,
Unguwar Bayan Kasuwar Kifi, Shimoni.

Zuwa ga: Mai Girma Jami'in Kula da Harkokin Kifi da Albarkatun Teku,
Yankin Gaɓar Kudu.

Litinin, 14 ga Oktoba, 2024.

Game da: Ƙorafi kan wani shagon sayar da tankin gilashi na kiwon murjani, bisa sayar da fitilar da ba ta dace ba da dutse mai dafi, ba tare da gargaɗi ba.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman izinin gabatar da wanda abin ya fi shafa, ko da yake wataƙila sunansa ya riga ni isa ofishinka. Masunta a nan suna cewa shekara talatin da ɗaya Mzee Kibwana ya yi yana nutso, yana kamo ƙananan kifaye masu launi don masu fitar da su ƙasashen waje, kuma ba wanda ya taɓa ganin safa a hannunsa. A teburin mai shayi suna cewa idan ana gardamar teku ya iso, gardama ta mutu, ba don kullum shi ke da gaskiya ba, sai don ba ya gajiya. Yayarsa Bi Mishi takan ce tun suna yara ba ta taɓa jin ban haƙuri daga bakinsa ba, ko ƙafarka ya taka, tambayarka zai yi me ya kai ƙafar nan wurin. Shekara talatin da huɗu ina aurensa, ban musanta ko ɗaya ba.

Ni kuwa ina da shekara hamsin da biyu na shiga ajin yaƙi da jahilci. Da hannuna na rubuta wannan takarda, kwana uku ta ɗauke ni. Idan an ga kuskure a yi mini uzuri.

Shekara biyu da suka wuce likita ya hana maigidana nutso saboda kunnensa. Tun daga lokacin ya zama mai zaman ƙofar gida. 'Yarmu Riziki, da ke aiki a Mombasa, ta ce tunda an hana Baba zuwa teku, a kawo masa teku ɗaki. Ranar Asabar, 8 ga Yuni, ta kai mu wani shago a can, wanda sunansa da adireshinsa ke kan takardar da na haɗa da wannan. Muka dawo da tanki mai tsawon kamu biyu, da famfon juya ruwa, da fitila, da duwatsu biyar masu rai, da murjani manne a jikinsu, wato halittun teku masu kama da furanni. Ga abubuwan da nake ƙorafi a kai.

1. Batun fitila. Iri uku ne a shagon. Daga baya na ji cewa ƙaramin tanki irin namu, mai murjani masu laushi, matsakaiciyar fitila yake so, a ɗaga ta sama, a fara da haske kaɗan ana ƙarawa mako-mako, kuma kada ta wuce awa takwas ko tara a rana. Mai shagon bai faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Mzee ya nuna babbar, wadda aka yi don tanki mai zurfi, ya ce yana son ya ga abin kamar yadda yake gani a ƙarƙashin ruwa idan rana ta take. Mai shagon ya yi dariya ya ce ai shi ba zai koya wa tsohon mai nutso hasken teku ba. Ina tsaye, na ji. Ba na ɓoye cewa maigidana ne ya zaɓa. Amma sanin teku daban, sanin teku a cikin gilashi daban, kuma mai shagon ya san da haka. Daga asuba zuwa isha'i fitilar ke ci. Cikin mako biyar murjani biyu suka yi fari fat suka mutu, gansakuka ta rufe duwatsun kamar gashi.

2. Batun wuta. Ba a gaya mana a ɗaga soket sama da tanki ba, ko a bar waya ta yi lanƙwasa ƙasa don ruwa ya ɗiga kafin ya kai ga bango. Gishiri ya riƙa taruwa a bakin soket ɗin. Ranar 19 ga Yuli wuta ta fizge ni ina goge gilashin, har hannuna ya yi kwana biyu ba na jin sa sosai. Wani maƙwabcinmu mai gyaran wuta ne ya sake mana wurin, yana ta mita cewa wanda ya haɗa wannan so yake ya soya mu tare da kifin.

3. Batun dutse. A jikin ɗaya daga cikin duwatsun akwai wasu ƙananan halittu kamar maɓallan riga, a cure wuri ɗaya. Da rana launin ƙasa ne da su, ba abin kallo ba. Amma idan fitilar ta koma shuɗiya, sai su haska kore kamar an kunna su daga ciki. Su kaɗai ne hasken bai kashe ba, ƙaruwa ma suka yi. Su ne Mzee ke zama yana kallo, kujerarsa daf da gilashi, shayinsa na hucewa. Ba a gaya mana suna da dafi ba. Ba a ba mu safar hannu ba, ba a ambaci tabarau ba. Akwai wata 'yar takarda a ƙasan kwalin fitila, da Turanci, rubutu ƙanana. Riziki ta karanta ta daga baya: maganar garanti ce kawai.

4. Batun shawara. Ranar Alhamis, 1 ga Agusta, Riziki ta buga wa mai shagon waya kan gansakukar. Ya ce a ciro duwatsun a goge su sosai da burushi, su fita tas. Iyakar abin da ya ce ke nan. Mzee ya ce a bar masa, shi zai yi ranar Asabar idan ya dawo daga bakin ruwa. Bai ce kada in taɓa ba. Cewa ya yi a bar masa, kamar yadda yake cewa a kan komai.

Ranka ya daɗe, a gidajenmu duk abin da ya fito daga teku aka ce zai zauna a ɗaki, tafasasshen ruwa ake fara zuba masa don kada ya yi wari. Haka uwata ta yi, haka na yi wa duk ƙwaryar dodon-koɗin da maigidana ya taɓa kawowa. Bayansa na ciwo idan ya sunkuya. Na ce bari in rage masa aiki.

Ranar Asabar, 3 ga Agusta, da misalin ƙarfe tara na safe, na ciro duwatsu biyu na sa a kwano a kicin, ɗaya daga cikinsu mai maɓallan ne. Na juye musu tukunyar ruwan zafi. Tururi ya tashi, na ji ɗaci a bakina kamar na tsotsi ƙarfe. A daidai lokacin Mzee ya shigo. Ya kalli kwanon sau ɗaya. Ya ce, "Fita." Ya tura ni tsakar gida, ya sunkuya a kan tururin ya ɗauki kwanon da hannu biyu ya yi bayan gida da shi. A bakin ƙofa ruwan ya fantsamar masa a fuska.

Kafin la'asar dukanmu biyu zazzaɓi ya rufe mu, numfashi na yi mana wuya. Kwana huɗu na yi a asibiti, shi ya yi goma sha tara. Likita ya rubuta sunan dafin, na kwafe shi harafi-harafi: palitoksin. Ya ce zafi ba ya kashe shi, tayar da shi yake yi. Idon hagu na maigidana ya tafi. Daga ɗaki zuwa masallaci yanzu sai ya tsaya sau biyu.

5. Batun abin da ya biyo baya. Ranar 2 ga Satumba Riziki ta je shagon da takardar likita. Mai shagon ya ce shi bai taɓa cewa a dafa dutse ba. Wannan gaskiya ne, bai ce ba. Bai kuma ce kada a yi ba. Riziki ta ga irin maɓallan nan a tanki biyu a shagon, da farashi a jiki, wata mata tana nuna wa 'ya'yanta.

6. Batun sunana. Wannan ba laifin shago ba ne kai tsaye, amma daga can ya taso. Ana cewa a unguwa na turara wa mijina wani abu. Bi Mishi ta ce mutumin da teku bai iya kayarwa a shekara talatin ba, ta yaya dutse a kwano zai kayar da shi, sai dai a tambayi mai kicin. Tun da muka dawo daga asibiti ita ke aiko masa da abinci daga gidanta, nawa yana komawa a rufe. Matan da ke sayen mandazina, wato fanken da nake soyawa, sun koma wani wuri. A wurin biki, tabarmar da na zauna takan yi fili. Ban yi faɗa da kowa ba. Ba na jin haushi ma, in faɗi gaskiya, ba na jin komai. Ina tashi, ina shara, ina kallon tankin da muka kashe wa fitila.

Maigidana yana jin maganganun nan, bai ce uffan ba. Ni ma ban tambaye shi abin da na lura da shi ba: cewa mutum ba ya tura matarsa waje saboda tururin ruwan zafi, sai in ya san abin da ke cikin kwanon.

Saboda haka, cikin girmamawa, ina roƙon ofishinka abubuwa huɗu. A aiko wanda ya san aiki ya ɗauke duwatsun nan biyu. Suna cikin bokiti a bayan gidanmu, na rufe da murfi na ɗaure da igiya, yau kwana saba'in da biyu. Ba zan zuba su a bola ba, awaki na kiwo a wurin, ba kuma zan kai bakin ruwa inda mata ke wanki ba. Na biyu, a binciki shagon, a wajabta musu gargaɗi da bakinsu da kuma a rubuce da Swahili, su haɗa safar hannu da tabarau da duk dutsen da suka sayar. Na uku, a sa su riƙa tambayar girman tanki da abin da ke ciki kafin su miƙa wa mutum fitila, ko da mutumin ya ce ya fi su sani. Na huɗu, a ba ni takarda mai hatimin ofishinka da ke cewa dafin daga halittar nan yake. Takardar likita Bi Mishi ta ce asibiti kowa suke rubuta wa. Ta hukumar teku na san ba za ta musa ba.

Ina fata wannan koke zai samu shiga. Allah ya taimake ka a kan aikinka.

Taka mai biyayya,
Mwanamkasi Sudi

Ƙarin bayani: Yau da hantsi, kafin in rufe ambulan, na karanta wa maigidana takardar daga farko, tunda sunansa na ciki. Bi Mishi ta kawo abinci ta tarar da mu, ta tsaya a bakin ƙofa da kwano a hannu. Da na kai ƙarshen lamba ta shida ya ce in dakata. Ya ce tun ranar da aka sauke duwatsun ya gane maɓallan. Masu nutso sun san su, ba sa kusantar su da hannu mai rauni, ya taɓa ganin wanda hannunsa ya kumbura har kafaɗa. Maganar tururi ce kawai bai tabbatar ba sai da ya gani. Ya ce ya yi shiru ne don ya san in na ji zan sa a fitar da su, su kuwa kaɗai suka rage masa da ke kama da can ƙarƙashin teku. Ya ce in rubuta haka, in bar wuri ya dangwala yatsa. Ya huta har numfashinsa ya dawo, sannan ya juyo da idonsa mai gani wajena, ya ɗaga murya yadda za a ji daga bakin ƙofa:

"Maman Riziki, ni na sani, ban faɗa ba, na bar ki da zargin. Ki yafe mini."