Amanar Nasara

Daga Jafaru a ƙasar Barno, zuwa ga Yaya Hambali a Goron Dutse.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Bayan haka, fatake sun ce Nasara sun yi shela: duk wanda ya yaƙe su a ganuwa ranar da suka ci Kano ya dawo gida, an ba shi amana. Na tambayi malamin da ya sauke ni. Ya ce kalmar daga Larabci take, tushenta ɗaya da imani da aminci. Shuwa suna cewa aman, Barebari ma sun santa, ka kuma san da ita Gwaggo take yi mana faɗa da Fillanci. Ya ce wanda aka ba aman ba a taɓa shi.

Yaya, na gaji da baƙunta. In zo?

Wassalam.

Daga Hambali, zuwa ga ƙanena Jafaru.

Aminci ya tabbata a gare ka. Malaminka bai yi kuskure ba. Amma ka manta, a Kano abin da aka ba mutum ajiya ma amana ne, kuma da wannan ma'anar aka yi aiki a kaina. Baturen da ke mulkin gari ya sa aka kira ni, tafintansa ya ce, "An ba mai unguwa amanarka har ƙanenka ya zo."

Tun ranar ban ƙetare Ƙofar Kabuga ba. Shanunmu suna bayan ganuwa, sai dai in hau dutse in hango ƙurarsu. Surukina ya rasu a ƙauye, na kama hanyar jana'iza, masu tsaron ƙofa suka mai da ni.

Na ja tafinta gefe na tambaye shi wace irin amana ce taka. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, kalmar kawai Baturen ya koya." Ado maƙeri ya dawo bara a kan wannan shelar. An wuce da shi Lakwaja, har yau shiru.

Kada ka zo. Ni zan iya zama. Gwaggo tana tambayarka, na ce mata hanya ba kyau.

Allah Ya tsare.

Yaya,

Takardarka ta same ni. Ina Wudil. Jibi da hantsi zan shigo ta Ƙofar Wambai. Kada ka zo taryena, kada kuma Gwaggo ta ji. Da zarar labarin na shiga hannunsu ya iso maka, ka wuce gidan mai unguwa ka ce ya sallame ka.

Ƙanenka, Jafaru.