Na Ga Kuskure a Lissafin Abokina, Na Ce Masa Ya Aika

Gaisuwa gare ka mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu, Kirista da Musulmi, Allah ya bar mu tare. Don Allah a sakaya sunana. Kuma kafin wani ya kira ni mugu, ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Ni ma na san abin da na yi ba na kirki ba ne, ba sai an tuna mini ba. Shawara nake nema, wa'azi kam ina samu kowace Lahadi.

Ni malamin lissafi ne a wata kwaleji a nan Kafanchan. Fannina shi ne wanda ake kira kombinatoriks, wato ƙirga hanyoyi nawa za a iya jera abubuwa ko a haɗa su. Babana ma'aikacin reluwe ne, yana cikin masu sauya wa taragu layi a tasha. Tun ina yaro nake kallon yadda ake tura tarago cikin layin gefe, a jawo wani, jirgin da ya shigo da jeri ɗaya ya fita da wani jeri dabam. Da wannan tambaya na girma: in kana da taragu kaza da layin gefe kaza, jeri iri nawa za ka iya fitarwa? A 1987 aka haɗa ni ofis ɗaya da wani sabon malami, ɗan wani mai sayen citta a kasuwa. Bari in kira shi Audu, ni kuma ku kira ni Yohanna. Ba sunayenmu ba ne, harufan farko ne kawai na gaskiya. Ni na kawo masa tambayar taragu. Shi yana da Turanci mai kyau da saurin rubutu, ni ina da haƙurin zama da akwatunan ashana a kan tebur a matsayin taragu, in jera, in rushe, in sake jerawa har ƙa'ida ta fito. Maƙala huɗu muka fitar a mujallun ƙasashen waje. Mun ci a kwano ɗaya, ya zo mini Kirsimeti, na je masa Sallah.

To, mu masu lissafi muna da wata al'ada. In mutum biyu suka rubuta maƙala, ba a duba wanda ya fi wahala, bin harufa ake yi wajen jera sunaye. A kafin Y. Duk duniya haka ake yi, ni ma ban taɓa damuwa ba, sai ranar da muka kai takardunmu gaban kwamitin ƙarin girma. Su wa ke cikin kwamitin? Malamin tarihi, malamin aikin gona, da wani na wasannin motsa jiki. A dokarsu, wanda sunansa ya zo farko shi ne mai aiki, shi ke kwashe kaso mafi tsoka na maki, na biyu ɗan rakiya ne. Na yi bayani har bakina ya bushe. Shugaban ya yi dariya ya ce, "Mista Yohanna, ko a farauta, wanda ya harbi nama shi ake fara kira wajen rabo. Sau huɗu ana kiran wani kafin kai, kana so ka gaya mana duk harafi ne?" Na ce a kira Audu ya faɗa da bakinsa. Aka kira shi. Ina zaune, kafaɗata tana taɓa tasa, aka tambaye shi wa ya ja ragamar aikin. Ya dubi ƙasa ya ce, "Gaskiya Yohanna ya taimaka mini ƙwarai." Ni na taimaka masa! Da tambayar da na ɗauko daga tashar babana!

Shi ya hau, ni na tsaya. Bayan shekara biyu wata jami'a ta ɗauke shi, ya yi digirin dakta a kan taragun nan, aka fara gayyatarsa taro a waje. Ni ina nan a matakin da ya bar ni, da tsohon babur ɗina, ina noman citta a Madakiya don yara su yi makaranta, kuma wani lokaci yaran shagon babansa ne ke auna cittar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Matata ba ta san lissafi ba, amma ta iya taɓa inda ke ciwo. "Baban Ladi," in ji ta, "wannan aboki naka ya sayi mota, kai kana nan kana wasa da ashana. Wane irin aiki ne mutum biyu za su yi, ɗaya ne kawai zai ƙoshi?" Na je coci, na yi addu'ar Ubangiji, in na zo wajen gafarta wa masu yi mana laifi sai in rage murya.

Bara da hutun ƙarshen shekara sai ga shi a ƙofar gidana cikin fijo, da tumbinsa da buhun shinkafa. Ya ciro wata sabuwar maƙala, shi kaɗai ya rubuta. Ya samo ƙa'ida guda wadda za ta ba da amsa komai yawan taragu in layin gefe uku ne, abin da muka daɗe muna nema. Ya ce ita ce za ta kai shi kujerar farfesa. "Duba mini, Yohanna. Wallahi babu idon da na yarda da shi sai naka." Na karɓa. Na fito da akwatunan ashanata, na zauna da su duk hutun. Daga tarago ɗaya har zuwa takwas ƙa'idar tana tafiya sumul. A na tara ta fara ƙarya. Akwai wasu jeri da yake ƙirgawa sau biyu, kuma kuskuren ya ɓuya a ƙarƙashin layin da ya rubuta cewa wannan a fili yake, ba ya bukatar hujja. Na sake gwadawa, na sake. Jama'a, ina jin kunyar faɗa, amma tun da aka haifi 'yata ta fari ban yi farin ciki irin na ranar ba. Da ya dawo karɓa, na miƙa masa na ce, "Babu kuskure, Dakta. Aika." Ya rungume ni.

Shirina a tsare yake. In bari mujalla ta buga, in bari ya sa ta cikin takardun neman farfesa, sannan a taron shekara-shekara na masu lissafi, idan ya gama jawabi ana tafa masa, in ɗaga hannu. In fita gaba da akwatunan ashana tara a aljihu, in jera su a kan tebur a gaban manyan da za su auna aikinsa, in ce, "Dakta, taimaka mini da wannan, ni ɗan taimako ne." Na maimaita maganar a gona, na maimaita a kan babur. Na ma zaɓi rigar da zan sa. Masu tace maƙala na mujallar su ma ba su ga kuskuren ba, na ce Allah ne ya tsaya mini.

An ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Makon jiya ya sake zuwa, mujallar na hannunsa, ya buɗe ya ɗora mini a cinya. Sunaye biyu ne a saman maƙalar. Nawa ne na farko. Ya ce sai da ya yi ta gardama da editan kafin ya yarda a karya al'adar harufa. Ya cire hularsa yana murzawa, ya ce, "Abin da na yi maka a gaban kwamitin nan bai taɓa barina ba. Kwaɗayi ne, ba wani abu ba. Tambayar taka ce tun farko, kuma kai ka tabbatar da wannan. Ka kai musu, su ƙirga maka." Matata ta yi guɗa, ta kama zakara ta yanka, tana cewa, "Ashe wannan mutum yana da tsoron Allah!" Kafin in ankara ta gaya wa fasto, an sa mana ranar godiya a coci. Shugaban sashenmu ya kira ni ya ce in kawo takarduna, bana ba mai hana ni hawa.

Kuna tsammani zuciyata ta yi sanyi? Ko kaɗan. Haushi ma ya ƙaru. Maƙala huɗu masu kyau ya cinye shi kaɗai, sai ruɓaɓɓiyar ce zai sa ni a gaba? Wa ya roƙe shi? Me ya hana shi wannan kirkin lokacin da kalma ɗaya ta isa? Ban yi zaton ya san da kuskuren ba, na duba idonsa, tsakani da Allah ya yi. Wannan ne ma ya fi ƙona ni, don yanzu shi ne mutumin kirki, ni ne macijin. Har yau ina so in ga fuskarsa lokacin da akwati na tara zai sauka a kan tebur. Ina so ya ji abin da na ji, a gaban mutane, ba a falona ba.

Amma in na tashi a taron, sunana za a fara karantawa, kuma tambayar farko da za a yi mini ita ce yaushe na gani. In na yi shiru, zan hau girma a kan ƙarya, in tsaya gaban bagadi in yi godiya a kanta, in zauna jiran ranar da wani ɗalibi a ƙasar waje zai sa wa kwamfuta taragu tara. In kuwa na je na same shi a ɓoye muka janye maƙalar, kujerarsa ta tafi, tawa ta tafi, kuma dole in dubi mutumin da ya cire mini hula in gaya masa cewa na gani tun bara, na ce ya aika.

Taron wata mai zuwa ne, kuma ya riga ya rubuta wa masu shirya shi cewa ni zan gabatar da maƙalar, shi zai zauna a gaba ya tafa mini. Me zan yi?