Motar da Ta Ƙi Hawa Jirgin Fito

Litinin, 13 ga Satumba
Mun kwana a Elazig. Gobe za mu ƙetare tafki zuwa Pertek, gidan su matata Gulizar. Tun a Ankara ta ce sai mun isa wurin mahaifiyarta za ta faɗa mini ko da ita zan dawo ko ni kaɗai. Ni na ce mu zo a jar motata, wai ko doguwar hanya za ta shirya mu. Ta tsani motar nan. Kujera biyu gare ta, kuma na saye ta ne a watan da likita ya ce mu cire rai da haihuwa. Ba ta taɓa cewa uffan ba, ni ma ban tona ba.

Talata, 14 ga Satumba
Ban san ta ina zan fara ba.

Ruwa ya ja baya bana, hawan jirgin fito ya zama kamar hawan tudu. Motata kuwa ƙasa-ƙasa take, da ƙyar ƙwallon yara zai wuce ƙarƙashinta. Hidir, dattijon da ke jera motoci, ya zagaya ta yana dariya. "Ɗana, wannan mota ce ko tabarma?" Ya shimfiɗa katakai, ya ce in shigo a karkace. Sai ya leƙo ta taga: "Matar ɗana, sauko a rage nauyi, ki hau da ƙafa." Haka mutanen nan suke kiran kowa. Ta ɗauki jakarta ta hau.

Na gwada, bamba ta karci ƙarfen hawa jirgin, ƙarar har cikin haƙorana. Na ja baya. Direbobin kayan gwari sun cika wuri da ham, wani yana cewa, "Sa ta a aljihu mana, ranka ya daɗe." Hidir ya ce in daure in taka, karcewa ce kawai. Na ƙi.

Gulizar ta leƙo daga sama. "Tayfun, bar ta nan ka hawo."

Na ce mata in bar wa wa? Abin da na faɗa ke nan, a gaban jama'a. Aka ɗage ƙarfen, jirgi ya tafi da ita ina tsaye ina shafa bamba.

Laraba, 15 ga Satumba
Wayarta a kashe.

Alhamis, 16 ga Satumba
Akwai hanyar zagaye ta bayan duwatsu, amma an ce ana gyara, duk tsakuwa ce. Na sake gwada katakan da safe, abin bai yiwu ba. Na wuni a rumfar mai shayi ina kallon duk jirgin da ya dawo, ko za ta fito. Mata da kwandunan inabi, sojoji, har akuya ta sauko. Hidir ya zauna kusa da ni, ya ce, "Wanda ya ƙetara ba ya dawowa neman na baya, ɗana. Na baya ke bi." Na ce masa ya ji da katakansa. Raina a ɓace yake, kuma tsoro nake ji. Tsoron in je in ji amsar ya fi na motar, wannan kam a nan kaɗai zan faɗa.

Asabar, 18 ga Satumba
Na ƙetara da ƙafa. Ba wani abu ba ne, zaman ne ya ishe ni. Sai da muka kai tsakiyar ruwa na tuna ban rufe motar da tampol ba, ban ma tabbata na kulle ta ba. Ban juya na duba ba.

Surukata ce ta buɗe ƙofa. Tun ranar aurenmu "ɗana" take ce mini. Yau ta ce, "Bismilla, Malam Tayfun," ta kai ni ɗakin baƙi, ta kawo shayi a kofunan da ake ajiye wa baƙi. Ina jin motsin Gulizar a kicin, na san takunta. Na sha, aka ƙara mini, na sha. Ba ta fito ba.

Da zan tafi tsohuwar ta tambaye ni, cikin ladabi, ko mota tana lafiya.

Na kama ɗaki a wannan tsallaken.