Tagar da Aka Buga wa Ƙusa

Ni Eufrosina, matar marigayi Hilario mai takalma, ta unguwar Coecillo a birnin León, ina rubuta wannan da hankalina garau. Jinina ne ya lalace, kaina lafiya lau, don haka kada wani ya ce tsufa ne ke magana. 'Ya'yana Anselmo da Genoveva, ku karanta tare, ko da sai an ɗaure ku a benci ɗaya.

Na ɗaya. Bashi babu mai bina. Keken ɗinkin fata naki ne, Genoveva. Kina jaririya ƙararsa kaɗai ke sa ki barci, a kansa kuma na ɗinka takalmin aurenki.

Kai, ina kewar shagon nan yadda yake a da! Mun cika ɗaki, rediyo na waƙa, guduma na amsawa, ƙamshin gam ya hau mana kai har mu yi ta dariya ba dalili. Babanku ya buga wa tagar baya ƙusa don kada iska ta busar da gam. Da yatsa muke shafa shi, mu wanke hannu da ruwan narka gam, mu ɗauki tortiya, wainar masararmu, mu ci. Rana tsaka in shigo da madara, kowa kofi guda, wai tana kashe guba. Babanku ya ɗaga nasa ya ce wa Chema mai yankan fata, "Shanye, ragon banza, madara ta fi likita!" Shi kuwa ya ce, "Maigida, ƙaro gam dai, shi ke buɗe min murya." Duk unguwa ta yarda madara na kashe gubar. Chema ya tafi, babanku ya bi shi, ga ni a hanya, dukanmu sankarar jini ce. Likita ta ce sinadarin benzin ne da ke cikin gam da ruwan nan, yana shiga ta numfashi da fata ya cinye ɓargo. Madarar nan ba ta taɓa tare komai ba.

Na biyu. Shago naka ne, Anselmo, amma da sharaɗi. Ka koma amfani da gam ɗin da ake haɗawa da ruwa, ko da yana jinkirin kamawa. Duk gwangwanin da ba a aiki da shi a rufe bakinsa. Safar hannu dole, takunkumi kuma mai tace iska, ba ƙyallen da kake ɗaurawa kamar ɗan fashi ba. A sa fankar da ke jan iska waje. Tsumman goge gam a zuba shi a garwa mai murfi a tsakar gida. Ba ci, ba sha a shago, kayan aiki kuma kada su shiga ɗakin kwana.

Na uku. Gabar nan ta ishe ni. Tun ranar da aka binne babanku, da Genoveva ta ce gam ne ya kashe shi, ka ɗauke mata wuta, wai ta zagi sana'ar da ta ciyar da ita. Gaskiya ta faɗa, lokaci ne ba ta zaɓa ba. Ke ma bakinki kamar almakashi, a wurina kika gado, ki rage.

Na huɗu, kuma don shi na ɗauki alƙalami. Anselmo, kana tsammanin ban gani ba? Riga mai dogon hannu a tsakiyar zafi, taruwar jini a dantsenka ba ka bugu da komai ba, dasashi na jini, hawan bene sai ka tsaya hutawa. Haka babanku ya fara, ni na wanke masa hankici. Tsoro nake ji, ɗana, tsoron da ban ji wa kaina ba. Kafin a gama addu'ar kwana tara ta mutuwata, ka je a gwada jininka. Genoveva za ta raka ka, ta zauna har a ba da sakamako. In ka ƙi, shagon nata ne, ta sayar.

Na ƙarshe. A shago za a ajiye gawata mutane su yi ban kwana, can na yi rayuwata. Amma kada a shigar da ni sai kun cire ƙusoshin tagar nan, ku biyu, ɗaya ya riƙe katako ɗaya ya ja. Ina son iska ta ratsa ɗakin ko sau ɗaya ina ciki. Kofunan madara ku raba, ku sha shayi da su.

Ubangiji ya yi muku albarka, ya raya 'ya'yanku, ya haɗa kanku. Ku riƙa cin abincin Lahadi a tebur ɗaya, ko da faɗa za ku yi a kai. Genoveva, na bar miki amanar yayanki. Kai kuma Anselmo, kada ka yi gaggawar biyo ni. Ni da babanku ba mu ƙosa mu gan ka ba.

Mahaifiyarku,
Eufrosina