Ƙusar Babban Gola

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? Na iso kulob lafiya. Babban golanmu ne ya sauke ni a ɗakinsa, Ɗan Tsako yake ce min. Amma gidan nan ba lafiya. Manyan 'yan wasa sun haɗa baki, ba mai sa hannu a kwantiragi sai an ba su shekara biyu. Manaja ya ce ɗaya, ko kowa ya kama gabansa. Ni dai ido ne nawa.

Ƙaninka.

Auta,

Muna lafiya. Faɗan manya ba naka ba ne. Duk takardar da babba ya miƙo maka, karɓa da hannu biyu, ban da musu. Allah ya tsare.

Yayanka.

Yaya,

Ina gaisuwa. Innalillahi, na yi ɓarna! Manaja ya kira ni ofis, har kujera ya ba ni. Ya turo takarda shafi tara, ya ce, "Yaro, sa hannu nan." Ka san karatuna. Na ɗauka ta karɓar takalmi ce, na sa.

Ashe kwantiragi ne. Ashe rashin wani gola ne kawai ya hana su korar babban gola. Da safe na shiga ɗakin canza kaya, na tarar an ɓare sunansa daga bango, an rataye rigata a ƙusarsa. Mutum shida aka sallama rana ɗaya! Kyaftin ya dube ni ya ce, "Sannu, mai biro."

Asabar muna da wasa, ni zan tsaya a raga. Sababbin 'yan bayan ko sunansu ban sani ba, da lamba nake kiransu. Kwana biyu a benci nake kwana, da wane ido zan koma ɗakin mutumin nan? In gudo gida?

Ƙaninka.

Ɗan Tsako,

Ya gajiya? Na zaga nemanka ban gan ka ba, motata za ta tashi. Ni ma a shekarunka haka na sa hannu, ban karanta ba. Makulli yana wurin maigadi, safar hannuna tana ƙarƙashin filo. Sabon mai lamba biyar ba ya waiwayen hagu, ka dinga daka masa tsawa.

In ka gudu, shi ne ban yafe ba.

Babban gola.